Saukar Tsohon Makanike

Babu wanda ya kai tsohon makaniken daɗewa a tashar sararin samaniya. Matuƙan kumbo su zo su koma, likitoci su sauya, shi kuwa yana nan a ɗakin gyara, inda kowace sifana ke ɗaure da igiya don kada ta kama yawo a iska. Baba kowa ke ce masa.

Wata budurwa ce ke koyon aiki a hannunsa. Ranar da ta fara aiki ta murɗe noti har ya karye, sai ya laƙaba mata suna Garaje, sunan kuma ya bi ta. Bai iya yabo ba. In ta yi aiki mai kyau sai ya duba ya ce, "To, wannan dai ba zai kashe kowa ba." Da haka ta ƙware.

Wata rana suna waje cikin rigunan 'yan sama jannati, suna gyaran bututun sanyaya injin, sai hannunsa na dama ya tsaya cak. Yatsun suka saki, sifanar ta sulale. Garaje ta cafke ta, ta ƙarasa ɗaurin.

Da suka shiga ciki suka cire hulunan, ya dube ta.

"Kin gani?"

"Na gani, Baba."

"To ni zan faɗa wa likita da bakina, ba ke ba."

Likitan bai ɓoye masa komai ba. Ciwon jijiya ne, kuma gaba zai yi. In ya zauna a tashar za a kula da shi, zai ɗan ja lokaci. In kuwa ya ce sai ya koma ƙasa, to ƙasusuwansa sun yi laushi, zuciyarsa ta manta da ɗaukar nauyi. Saukar kaɗai tana iya gamawa da shi.

"Ina da jika," in ji Baba. "A allo kawai na san shi. Zan sauka."

Ya ce Garaje ce za ta duba injin kumbon da zai kai shi, ba wani ba. Ta duba. Ta sake dubawa. Kullum sai ta gano wani abin da za ta kwance, ranar tafiya tana ta matsawa. Ranar nan ya shigo yana jan jiki da hannu ɗaya, ya same ta ta baje bawul.

"Wannan lafiyarsa ƙalau," ya ce. "Ni na koya miki, ni za ki yi wa wayo?"

Hawaye ya taru ya manne mata a ido, don a can ba ya zuba. Ta goge da hannun riga.

"Baba, in na ɗaure shi, ni na kashe ka."

"A'a, 'yata. Ke kika kai ni gida. Ɗaure."

Ta ɗaure. Ta kuma roƙi shugabar tashar ta bar ta ta raka shi, aka yarda.

Da kumbon ya shigo iskar duniya, nauyi ya fara sauko musu kamar ana jibga buhuna. Fuskar Baba ta zube, numfashinsa ya koma gurnani. Garaje ta danna masa abin shaƙar iska a hanci tana kiran sunansa, shi kuwa idonsa na kan allon injin, leɓɓansa na motsi. Sai da ta kara kunne ta ji abin da yake cewa: "Saurari… ba ya tari." Injin yake nufi.

Sun sauka da ransa. Aka buɗe ƙofa, ƙamshin ƙasa mai jiƙa ya shigo. Ma'aikatan jinya suka ɗora shi a gado mai taya, ko kansa ba ya iya ɗagawa. 'Yarsa na tsaye a bakin zauren tarbar matafiya da jariri a kafaɗa. Ta durƙusa ta ce, "Baba, sannu da zuwa."

"Ɗora mini shi," in ji Baba.

"Ƙirjinka ba zai ɗauka ba," in ji wata nas.

"Ɗora."

Aka kwantar da yaron a ƙirjinsa. Zufa ta keto masa, jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Nas ɗin ta kai hannu, ya girgiza kai. Jaririn ya damƙi gemunsa ya ja, tsohon ya yi wata dariya mara sauti.

Garaje ta koma sama a kumbon da ya biyo baya, aka danƙa mata ɗakin gyaran. Bayan 'yan watanni 'yar Baba ta kira ta. Ya rasu da safe, a tsakar gida, rana na dukan ƙafafunsa. Ta ce a ƙarshe har yana iya zama a kujera, kuma bai bar kowa ya huta ba sai da aka gyara ƙyauren gidan da ke ƙara, yana daga zaune yana faɗa.

Garaje ta yi masa addu'a, ta yi wa 'yar ta'aziyya. Ta jima a bakin taga tana kallon duniya tana juyawa a ƙasa, ba ta san ko wane gefe gidan yake ba. Sannan ta je ta sanar da sauran ma'aikatan.