Ramukan da Aka Ce In Toshe

Ni dai aikina yaɓe, kuma ba ni da haƙurin surutu. Shekara talatin ina gyaran masallatan sarakunan Istanbul, ba wanda ya taɓa tsayar da ni a bakin aiki sai ranar nan.

Injiniya ya nuna mini ramuka huɗu a saman babbar ƙofar wani masallaci da muke gyara, ta ciki. Ya ce tantabaru ke kwana a ciki suna ɓata bango, in toshe su kafin azahar. Na yi kwaɓina, na hau tsani. Sai ga Baffa Shevket, tsohon da ke share masallacin tun ina yawo ba wando, ya rungume ƙafar tsanin kamar zai kayar da ni.

Ya rantse ramukan ba na tantabaru ba ne. Wai zamanin da ake kunna fitilun mai dubbai, maginin ya tsara tagogi yadda iska za ta kwashe hayaƙin kaf ta zuba shi a nan, ya taru a wani ɗan ɗaki, a kankare a yi tawada. Wai kakansa ne mai kankarewa na ƙarshe. Duk unguwa mun san labarin. A gidan shayi da shi ake tsokanarsa, ana ce masa Sarkin Hayaƙi. Har ni na sha yi.

"Baffa, sakar mini tsani, kwaɓina zai bushe."

"Rasim, ɗana, in ka toshe na mutu maƙaryaci. Ba ni rabin awa kawai."

Haushi kamar ya kashe ni, amma na kasa haɗa ido da shi. Na sauko.

Da yake an naɗe dardumai saboda aiki, ya ajiye faranti na tagulla a tsakiya, ƙarƙashin kubba, ya kunna tsumma da man zaitun. Hayaƙi ya miƙe sama, ya tsaya cak. Ko gezau. Ma'aikata suka fara dariya, wani ya ce a kawo wa Sarki mafici ya taimaka wa talakawansa. Injiniya ya duba agogo. Tsohon ya tsuguna yana hura wutar, ni kuwa tausayi ya rufe ni.

Ina kawar da kai sai idona ya faɗa kan tagogin ƙasa. Katako! Mu da hannunmu muka buga musu katako tun hunturu. Ashe mu muka toshe wa ginin hanci.

Ban san sanda na jefar da cokalin yaɓen ba. Na daka wa mutanena tsawa su ɓamɓare katakon, a ɗage labulen fatar nan mai nauyi na bakin ƙofa. Injiniya yana tambayar wa ya ba da izini, ban ko waiwaye shi ba. Ƙusoshi suna ƙara, katako na faɗuwa, sanyin teku ya shigo ya dake mu a ƙafa.

Sai hayaƙin ya motsa. Ya karkata, ya yi siriri kamar zare, ya ratsa ƙarƙashin bakan gizon gini na farko, ya wuce na biyu. Mu ƙatti goma sha biyu muna binsa a ƙasa da gudu, kai a sama, muna tuntuɓe da bokitai. Ya isa saman ƙofa ya rabu huɗu, kowanne ya shige raminsa. Tsigar jikina ta tashi. Wanda ya yi zancen mafici shi ya fara kabbara.

Na haye tsani, na zura hannu cikin rami har kafaɗa. Can ciki babu bango, fili ne. Na shafo gefe na fito da hannun baƙi ƙirin, ya yi laushi kamar gari. Injiniya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a kwashe kwaɓin, kada kowa ya taɓa wurin.

Baffa Shevket ya kama hannuna da nasa biyu, ya shinshina, hawaye na bin gemunsa. Na ce bari in je famfon alwala in dawo. Ya ƙara matse ni.

"Kada ka wanke, ɗana. Gidan shayi za mu fara zuwa."