Rigar da Malam Baƙo Ya Wanke Mini

"Buɗe tagar nan mana, Malam Baƙo," na ce, ina toshe hanci da hulata.

"In na buɗe, maganin guduwa yake yi," ya ce, tari ya sarƙe shi. Yana durƙushe a kan babbar rigata, yana goga mata maganin nan mai hawa kai, wanda ya koyo wanki da shi a Kano, ba ruwa ba sabulu.

Shekara ashirin muna katanga ɗaya a Gwarzo. Tun rasuwar matarsa shi kaɗai ne a gidan. Bara likita ya ce maganin ya cinye masa ƙirji, sai 'yarsa Zinnira ta zo daga Kabo ta kwashe jarkokin kaf. Ya koma irin wankin mahaifinsa: sabulun salo, ƙaro, da bugu a kan itace. Kaya na fita fes. Amma mu mutanen gari da iyayi, sai mu shinshina mu taɓe baki, wai wannan ai wankin gida ne. In ba mu ji warin nan ba, ba a yi wanki ba. Ɗaya bayan ɗaya aka watse masa, ina jin ƙarar bugun tana raguwa ta bayan katanga.

Ni ma da bikin ƙanena ya taso a Mainika, ban ji kunya ba na ce ya yi mini irin na da. Ya daɗe yana kallona, sannan ya jawo wata jarka da ya ɓoye a ƙarƙashin tebur.

"Kada Zinnira ta ji," ya ce da ya miƙo mini rigar. "Kai kaɗai ka leƙo ni makon nan, Sajo."

Kwana tara bayan nan, da hantsi, na ji shirun ya yi yawa. Na leƙa, na tarar da shi a jingine da itacen bugu, tagar a rufe, rai ya yi halinsa.

Ranar sadakar uku Zinnira ta tsare ni a zaure. "Kawu Sajo, don Allah, Baba ya sake taɓa abin nan?"

"Allah ya ji ƙansa," kawai na iya cewa. Har yau abin yana cin raina.

Ban sa rigar a bikin ba. Tana nan rataye a ƙusa cikin ledarta, da karin gugarsa a kafaɗa. Warin ya kusa fita.