Na'am Ɗin Baba

Muna zaune a shagon Baba wani saƙo ya shigo wayarsa, ni na karanta masa. Wai kamfanin waya na godiya da ya amince a tsawaita kwantiragin layinsa shekara biyu, a kan tsari mai tsada.

"Ni? Yaushe?" in ji Baba, yana karkaɗe garin katako daga gemunsa.

Na kira su. Wata mai zaƙin murya ta ce sun buga masa ranar Talata, da bakinsa ya amince. Ni ba tsadar ce ta tayar min da hankali ba, babban yayanmu ne. Dama ƙiris yake jira. Yana jin labarin ya tara mu a falo.

"Kun gani ko? Baba ya fara mantuwa. Yau waya ce, gobe shagon zai sayar bai sani ba. A karɓi makulli, ya zauna a gida ya huta."

Wai ya huta! Mutumin da ya shekara arba'in yana aikin kafinta, wanda zai kalli ƙofa ya faɗi faɗinta ba tare da ya gwada ba. Baba ya sunkuyar da kai. Raina ya ɓaci, har kaina na ji wa haushi, don ni ma na ɗan yi kokwanto.

Washegari na ja shi ofishin kamfanin. Muka ciri lamba, muka zauna a kujerun ƙarfe har ƙafata ta yi tsami. Da layi ya zo kanmu, ma'aikaciyar ta juyo mana kwamfuta.

"Anti, ga shi nan a rubuce, ya amince."

"Ba rubutu na zo gani ba. Kun ce kuna naɗar murya, a kunna mu ji."

Ta fara kame-kame, wai sai da izinin manaja. Na ce a kira shi, in ba haka ba nan za mu wuni. Manajan ya fito ya kunna.

Ƙarar injin yankan katako ce ta fara tashi. Sai muryar wani ma'aikacinsu, yana zuba bayani kamar ana korarsa. "Ka amince?" Baba ya ce, "Na'am?" Ya maimaita. Baba ya sake cewa, "Na'am?" Shi ko ya ce, "Madalla, mun gode," ƙit ya kashe.

"Ranka ya daɗe," na ce, "wannan na'am ɗin na yarda ne, ko na wanda bai ji ba?"

Manajan ya dafe goshi. "Na wanda bai ji ba ne. Mahaifiyata ma haka take min a waya."

Nan take ya soke tsawaitawar, ya ba mu takarda, ya ba Baba haƙuri har yana rusunawa.

Muna saukowa bene Baba ya riƙo hannuna.

"Auta, me na ce a ciki? Ban ji ba."

Na kai bakina kunnensa na faɗa masa duka. Ya ja ya tsaya, mutane na ratse mu.

"Wato kunne ne, ba ƙwaƙwalwa ba?"

"Kunne ne, Baba."

Ya goge ido da bakin hularsa. "Wallahi har na fara yarda da yayanki." Sai ya gyara tsayuwa. "Kunne ai yana da likita. Kira min yayan naki, ki ƙara sautin. Da kaina zan yi masa magana."