Rubutun Ƙasan Allo

…kuma har yanzu matar fim ɗin nan ba ta gama wanke kofi ɗaya ba. Kofi ɗaya! Sai murza shi take, ruwa na zuba, silima cike da mutane an yi tsit kamar masu jiran likita. Wannan ne fim ɗin da maigidanta ya ce zai buɗe mata ido? Ita da kullum aikinta ke nan a bayan gidan abinci, ranar hutun ma a kawo ta kallon wanke-wanke?

Ga mijin matar ya shigo, ya yi magana da wani yare can. Rubutu ya fito a ƙasan allo, da yaren ƙasar nan, wanda shi ma bai zauna mata a baki ba tukuna. Kalmar farko ta kama: gobe. Ta biyu… ya ɓace. Wa ke korarsa ne? Kofi an ba shi lokaci har ya gaji, rubutu kuwa ko ƙiftawar ido.

Dariya. Silimar gaba ɗaya. Har da maigidanta, kafaɗarsa na rawa a jikin tata. Ta saki tata dariyar a makare, ita kaɗai — wata tsohuwa ta waigo.

Da can ai sunkuyowa yake yi. Watannin farko, bakinsa a kunnenta, "Cewa ya yi ba zai dawo ba," numfashinsa da ɗumi, har takan yi kamar ba ta ji ba don ya maimaita. Yaushe ya daina? Jiya a kanti, mai kanti na tambayarta wani abu, ta juya ga maigidanta — "Haba, ke ma ki riƙa ƙoƙari mana." Ƙoƙari! Sabulu, tukunya, yi haƙuri, na gode, wa ya koya mata su?

Falonsu na gida can ƙasarsu, Yaya a tsaye tana yi wa talabijin ihu, "Ke, kar ki buɗe ƙofar nan, sakarya!" Nan kuwa ko tari sai mutum ya haɗiye.

Ta taɓa hannunsa? A'a. In ya janye fa? Gara kar ta sani.

Rubutu ya daina fitowa. Ba mai magana. A allo, mijin ya ba da baya yana karatun jarida. Matar ta ajiye kofin, tana goge hannu yatsa-yatsa, idonta a ƙeyarsa. Ta buɗe baki. Ta rufe.

Kai… tafiya matar nan za ta yi. Ba a rubuta ba, ba wanda ya faɗa, amma tafiya za ta yi — ba faɗa, ba komai, gajiya kawai da jiran a juyo. To ita ta ina ta sani? Ta ina…

Ta dubi maigidanta. Hasken allo a fuskarsa, idonsa can ƙasa, yana jiran rubutu ya fito.