Yaran Keken Suhaibu

Ni Mamman Nagoda ba na yabon mutum da arha. Agana ta kama ni ina yaro, ta ɓata mini fuska, ta gaji ta tafi. Motar kaya ta kife da mu a hanyar Funtuwa, na fito da ƙafata har na jawo direba. Boko ban yi ba, amma duk Tudun Wada babu mai koya mini yadda ake tsira. Saboda haka in na ce yaran nan sun burge ni, to sun burge ni ɗin.

Salwa 'yar maƙwabcina ce, Malam Kailani tela. Ciwon sikila gare ta. A daminar bara ya kayar da ita, aka kwantar da ita a asibiti, likita ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, in ba a ƙara mata ba sai dai addu'a. Uban bai daɗe da ba da jini ba, aka ce ba za a sake ɗiba ba. Uwar, Saratu, ga tsohon ciki. Dangi kuwa kowa wayarsa ta daina shiga.

Ina zaune bakin ƙofa da la'asar sai ga 'yan makarantarsu, waɗanda keke napep ɗaya ke kwasa tare da ita kullum. Juwairiyya ce a gaba, wata 'yar siririya mai bakin tsiya.

"Baba Nagoda, raka mu asibiti. Jini za mu ba Salwa."

Na ce ai kun zo wurin da ya dace. Muka je, kowa ya naɗe hannun riga, ni ma na naɗe nawa. Nas ta dube mu ta riƙe baki.

"Ku kun yi ƙanana. Kai kuma Baba, ka yi girma."

Na ce, "Yarinya, kin san abin da jinin nan ya gani kuwa?"

Ta ce, "Shi ya sa za mu bar maka abinka ya huta."

A hanyar dawowa ƙananan suna ta share hawaye. Juwairiyya kuwa ba ta yi kuka ba. Ni na san irin dauriyar nan, don ni ma nakan yi ta.

Washegari da sassafe ta aiko a kira ni bakin titi inda masu keke ke tsayawa. Na tarar da ita da sauran yaran da bokiti da soso sun yi wa keken Suhaibu taron dangi. Suhaibu shi ke kai su makaranta a Hanwa, ƙato ne, wuyansa kamar turmi. Ya zo da kofin shayi a hannu ya ga kekensa na ƙyalli.

"A'a! Yau kuma wace rana? Me zan ba ku?"

Juwairiyya ta ce, "Jini."

"Auzubillahi! Ashe mayu nake ɗauka ban sani ba?"

Masu keke suka kwashe da dariya. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta nuna masa gefen kujerar baya.

"Kawu Suhaibu, nan Salwa ke zama. Mun je an ce mu yara ne. Baba ma an kore shi."

Na ce, "Ba kora ba ce, girmamawa ce."

Suhaibu ya sosa ƙeya. "An ce fa in an ɗebi jinin mutum jiri ke kwasarsa."

"Innata ta dafa maka zoɓo, ga ƙwai daga gidan su Hanifa ƙawarmu."

"To ai ga aiki. Wa zai kai ku makaranta? Iyayenku su ce na yi wasa da amana."

"Mun tambaye su tun jiya, gida gida. Sun yarda. Da ƙafa za mu je, Baba Nagoda zai raka mu."

Ni ba a shawarce ni ba, amma na buga sanda na ce haka ne. Wani mai keke ya ce, "Suhaibu, faɗi gaskiya dai, allura kake tsoro!" Suhaibu ya dubi kujerar nan ya daɗe. Sai ya ajiye kofin, ya tada keke, ya nufi asibiti shi kaɗai.

Mu kuwa muka kama hanyar Hanwa. Ruwa ya sauko mana a tsakiya. Suka cusa littattafai cikin riga, manya suka goya ƙanana, babu wanda ya ce a koma. Ni da na taɓa zuwa Giwa a ƙasa, sai da na roƙe su su rage sauri, saboda su, kada su gaji.

Da azahar Malam Kailani ya same ni ina shanya rigata. Ya ce jinin Suhaibu ya dace, an sa mata, har ta buɗe ido ta sha kunu.

Na aika aka kira Juwairiyya na gaya mata. Sai a lokacin ta durƙusa a ƙofar gidana ta fashe da kuka.