Kwanon Bawa

Shekara talatin Bawa da Jibrilla suna sa hannu a kwano ɗaya. A Tozai haka ciyayya take: in an idar da Magariba, kowane magidanci ya fito da tuwon gidansa ƙofar Jibrilla, a zauna biyu-biyu, uku-uku, a ci. Kowa ya san gefen Jibrilla na Bawa ne.

Sai ga Hussaini, wani ɗan kasuwa da ya taso daga Burkusuma da babur ɗinsa da farar rigarsa, ya kama gida a unguwar. Ba a yi wata biyu ba aka soma tura wa Bawa kwano shi kaɗai, wai don ya sake. Jibrilla kuwa ya koma ci da baƙon, suna hira suna ƙyaƙyata dariya.

Kishi ya ci Bawa, ba kaɗan ba. Ko loma ya kai baki, idonsa na kan kwanon can. In Jibrilla ya tura wa Hussaini tsokar nama, sai Bawa ya ajiye lomarsa. Ya gaya wa matarsa Hajo cewa baƙon nan makiri ne, shi ya shiga tsakaninsu, ƙila ma da asiri. Hajo ta dubi hannunsa, ta kau da kai.

To, gaskiya ɗaya ce, Bawa na da hali. Ɗan yatsansa ba ya rabuwa da hanci. A gona ƙwaƙula, a bakin masallaci ƙwaƙula, ya ciro tasono ya murza ya yar, shi bai ma san ya yi ba. Bana abin ya zama gyambo, yana yawan haɓo. Ma'aikacin asibiti a garin Isa ya ce masa farcensa ne ke fama ciwon, in bai bari ba ba zai warke ba. Bawa ya ce zafin rana ne kawai.

Ranar da tura ta kai bango, Bawa ya ture kwanonsa a gaban mutane, ya ce Hussaini ya faɗi abin da ya kitsa masa wajen amininsa. Hussaini ya sunkuyar da kai. Jibrilla ne ya amsa, murya ƙasa-ƙasa.

"Bawa, bar bawan Allah. Ni na ce a raba. Shekara talatin ina kau da ido, ina ɗiba ta gefena. Amma ran da na ga jini bisa lomarka, wallahi na kasa. Mutane cewa suka yi ka dinga ci cikin gida. Wanga da kake zargi shi ya roƙa a bar ka cikinmu."

Kunya ta rufe Bawa, ya ɓoye hannunsa cikin riga. Hussaini ya jawo buta, ya zuba masa ruwa ya wanke, shi ma ya wanke nasa. Ya gyara kwanon da aka ture, ya zauna gabansa ya ce, "Bisimilla, Malam Bawa. Ni za ni ci da kai."

Bawa bai dube shi ba. Jibrilla yake kallo, yana jira ko zai matso. Jibrilla ya jawo nasa kwanon gabansa, ya ci gaba da ci shi kaɗai.