Katangar Ajimi

A duniya babu abu mai nauyi, sai dai ƙarfe ya yi gajarta. Haka Malam Abdulsalami, malamin lissafi, ya sanar wa mutanen unguwar Hausari ranar da mota ta sauke injin niƙan Alhaji Nasidi a bakin titi, shekarar da jirgin ƙasa ya iso Maiduguri. Ƙarti sun yi ta kokawa su ɗora injin kan dandamalin siminti, ko motsi bai yi ba.

Malam ya sa aka kawo dogayen ƙarafa biyu, ya haɗa su da sarƙa yadda na farko zai ja wutsiyar na biyu, na biyun ya ɗaga injin. Ya ce ƙarfin hannu ɗaya zai zama biyar, biyar ɗin su zama ashirin da biyar. Abin da ya rage shi ne inda babban ƙarfen zai jingina.

Mafi kusa ita ce katangar Ajimi mai wankin hula, wadda ita ce bangon ɗakin tsohuwarsa. Da hannunsa ya tayar da ita a ƙarshen ranin nan.

"Baba Ajimi, aron katangarka za mu yi," in ji Malam.

"Malam, ɗanya ce fa. Ba ta gama shan iska ba."

"Ai ba ita za ta ɗaga ba. Ilimi ne zai ɗaga."

Alhaji ya ce, "Haba maƙwabci! Ko so kake matarka Yagana ta mutu a bakin turmi?"

Aka yi dariya. A unguwar nan ba a hana maƙwabci aro a gaban jama'a, don haka Ajimi ya ce, "Bismillah."

Malam ya danna da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da babbar rigarsa. Injin ya tashi kamar faɗin yatsa, aka cusa katako, ya sake dannawa. Duk dannawa sai ƙasa ta zubo daga katangar, amma idon kowa yana kan injin. Kafin la'asar ya hau dandamali. Aka yi kabbara, Alhaji ya raba goro, Malam ya bayyana cewa a kimiyya ƙarfi ba ya ɓata, wuri kawai yake sakewa.

Da aka janye ƙarafan, bangon ya tsage har ƙasa, hannu yana shiga. Ajimi ya fito da gadon tsohuwarsa ya ajiye a zaure tsakanin huluna masu bushewa. Ya dubi gabas inda hadari ke haɗuwa, ya naɗe wandonsa, ya fara kwaɓa ƙasa.